Motar Surukina da Makaniken da Na Sa wa Babbar Riga

Inna Mariyama, assalamu alaikum.

Don girman Allah ki ba ni shawara, don na jefa kaina cikin wani abu da in na tuna shi sai dariya ta kama ni, kafin in gama dariyar kuma kunya ta rufe ni. In faɗa miki tun farko, ba rigimar aure ba ce, ba kuma rashin lafiya ba. Alhamdu lillahi gidana lafiya lau. Ni malamin lise ne, wato babbar sakandare, mutumin Maraɗi, na daɗe a Yamai har Zabarmanci ya zauna mini a baki. Ina zaune a Lamorde da matata Halimatou da ƴaƴanmu. Na haura hamsin, furfura ta cinye gemu, amma wai abin da ya hana ni sukuni kwanakin nan mota ce. Tsohuwar mota, ja, mai ƙofa biyu, irin ta masu gudu ɗin nan da ke kwance ƙasa-ƙasa. Kuma ta surukina ce.

Ba zan ambaci sunansa ba, kin san dalili. Baba nake ce masa. Mutumin Tawa ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, gidansa na wajen Gaweye. Ya sayi motar tun da ƙarfinsa a hannun wani anasara da ya gama aiki zai koma ƙasarsu, yaran gidan kuwa suka sa mata suna Barkono saboda launinta. Ranar da na fara zuwa zance wurin Halimatou, a kan wani ɗan babur mobilet na aro, ita na fara gani a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida tana sheƙi. Wallahi sai da na tsaya kallonta har na manta abin da ya kawo ni. Halimatou har yau tana yi mini gori, wai ba ta san wadda na zo nema ba a cikinsu. To duk shekarun nan, Inna, ban taɓa zama cikin motar nan ba ko sau ɗaya. Ya sha cewa a rage mini hanya, ni kuwa in sunkuyar da kai in ce akwai inda zan biya. Ina ni ina zama kafaɗa da kafaɗa da Baba a mota mai kujera biyu?

Yanzu idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi. Motar tana nan a tsakar gida ba ta fita. Ƴarmu ta biyu, Latifa, ma'aikaciyar jinya ce, wurin aikinta kusa da gidansa yake, don haka ta fi kwana can. Kullum sai ta zo mana da ƙorafi, wai angon nan nata ba ya barin ta barcin safe, da ya dawo sallar asuba sai ya shiga Barkono ya tayar da ita, ya zauna ciki yana saurare har rana ta fito. Su biyun dama ba su da aiki sai tsokanar juna, tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe, yana ce mata amaryar da ba ta iya tuwo ba.

Watan jiya Halimatou ta je gaishe shi. Ita ce ƴarsa ta fari, ba ya kiran sunanta, ba ya ma kallon ta in zai yi magana. Sai ya dubi bango ya ce wani mai sayar da piyes, wato kayan gyaran mota, daga unguwar Zongo ya dame shi da zarya, yana son motar ya farfasa ya sayar gunduwa-gunduwa, shi kuwa da mutanen Lamorde za su so ta, da ya fi masa, su ba da abin da ya sawwaƙa. Mutanen Lamorde mu ne. Da ta dawo ta gaya mini, sai na ji kamar an yi mini bushara. Na kasa cin abinci don murna, ni da gemuna.

Sai dai motar ba lafiya gare ta ba, kowa ya sani. Tana fitar da farin hayaƙi, in tana tsaye jikinta sai karkarwa yake, kuma tun lokacin da Baba yake tuƙi akwai bidon ruwa a bayan kujera, saboda injin yana shan ruwa yana ɗaukar zafi. Ni kuwa abin da na sani a mota shi ne in murɗa lakile, wato makulli, in taka. Na je gidan da hantsi ranar Asabar, na durƙusa na gaishe shi, ya ce in je in gan ta. Na zagaya ta hannuwana a baya kamar mai duba jarrabawa, shi yana zaune a kujerarsa. Ban iya buɗe kapo, murfin injin, ba. Yaya zan buɗe cikin motar surukina a gabansa ina leƙe-leƙe, kamar ina neman inda ya ɓoye mini aibi? Na dai ɗora hannu a kan kapon da wayo, na ji shi da ɗumi. Na sake komawa wata Asabar, nan ma da ɗumi.

A fadarmu, inda muke shan shayi da yamma, na ba abokina Nassirou labari. Shi ya yi sayen tsofaffin motoci har sun ishe shi. Ya ajiye kofinsa ya ce duk mai sayar da mota da ka tarar ya riga ya ɗumama inji, to akwai abin da ba ya so ka ji, domin ciwon inji da sanyin safiya yake fitowa, in ya yi zafi sai ya lafa. Na ce masa ya kiyayi bakinsa, Baba ba dillali ba ne. Na faɗa da ƙarfi har mutanen fada suka juyo. Amma maganar ta bi ni gida, Inna, ta zauna mini a rai, na kuma ji haushin kaina da na bar ta ta zauna.

Daga nan ne na yi wautar. Akwai makaniken da ke duba mini motar gida, Illo, mutumin kirki, gajere. Na roƙe shi ya raka ni, amma ba a matsayin makanike ba. Na ba shi babbar rigata ta sallah da hula, na fesa masa turare har yana atishawa, na ce masa daga yau shi abokin aikina ne a lise, ya zo gaishe da Baba ne kawai, in ya ga mota ya yi kamar sha'awarta ta kama shi, ya saurara, ya dudduba da ido. Illo ya ce shi bai taɓa duba mota da babbar riga ba, na ce yau zai fara. Rigar tana jan ƙasa, yana tattare ta kamar mai tsallake kwata.

Muka isa, muka gaisa. Baba ya ba Illo hannu, sai ya riƙe hannun bai saki ba, yana ta tambayar sa iyali da gajiya. Ya tambaye shi darasin da yake koyarwa, Illo ya dube ni, ya ce lissafi. Baba ya ce madalla, lissafi abu ne mai kyau. Sannan da kansa ya tashi ya tayar da motar don baƙo ya ji. To fa, nan Illo ya manta da ni, ya manta da lise. Ya karkata kai yana saurare, ya zagaya baya ya tsuguna yana shinshina hayaƙi, ya zura hannu ƙarƙashin motar ya shafo wani abu ya murza a yatsu, sannan ya goge a jikin rigata ta sallah. Ni ina tsaye gumi yana bin bayana. Baba kuwa har ya sa aka kawo mana kopto, kwaɗon zogale, Illo ya ci ya ƙoshi, ni ko loma ban iya kaiwa baki ba. Da muka zo tafiya ya raka mu har zaure, ya sake kama hannun Illo, ya ce da shi a hankali: “Malam, ka gaida mutanen garaji.”

Inna, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Ban san yadda na tuƙo mota na haye gadar kogi zuwa Lamorde ba. Illo kuwa dariya yake har da hawaye, ya ce tsohon tun a musafahar farko ya gane, hannun da ya shekara yana kama sifana ba turaren da zai ɓoye shi. Game da motar ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, bai sani ba. Wataƙila abin da ke tsakanin kulas, wato kan inji, da jikin injin ne ya ƙone, wannan gyara ne da ake yi kullum, wataƙila kuma kulas ɗin ne kansa ya tsage, wannan kuwa sai an sha wuya kafin a samo na irin motar. Ya ce sai ya gan ta da sanyinta, ya buɗe, ya gwada, kuma ko me zan ba shi ba zai ƙara sa riga ba.

Bayan kwana biyu Latifa ta zo gida ta miƙo mini lakilen Barkono. Ta ce tsohon ne ya ba ta ya ce ta kawo, bai ƙara ko kalma ba. Ta ce kuma tun ranar da muka je ya sa an rufe motar da bash, wato tamfol, bai sake tayar da ita ba, da safe sai ya jawo kujera kusa da ita ya zauna da rediyonsa. Ita har murna take ta samu barci. Ni kuwa lakilen yana aljihuna fiye da mako, ya yi mini nauyi kamar dutse, ban koma Gaweye ba, ko waya na kasa yi.

Halimatou ta yi mini dariya har cikinta ya ƙulle, amma ta ce kada in sa ta a ciki, ba ta taɓa yi wa mahaifinta irin wannan maganar ba, ba kuma za ta fara a kan mota ba. Ba ta hana ni saye ba, ta dai ce motar gida ta zauna inda take, don ba za ta je kasuwa a abin da ba ya ɗaukar buhun shinkafa ba. Gaskiyarta.

To me lakilen nan yake nufi? Fushi ne, yana ce mini tunda ban yarda da shi ba in ɗauka in tafi? In saye ta ido rufe don in wanke kunyata, ko da injin ya mutu a hannuna? Ko in mayar da lakile in ba da haƙuri in haƙura, mutumin Zongo ya zo ya farfasa ta? Ina son motar nan, ba zan ɓoye ba. Amma mutumin nan ya ba ni ƴarsa, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma na fi son in rasa mota goma da in rasa yadda yake amsa gaisuwata.

Naki,
Surukin Mai Barkono, Lamorde.

*

Malam, wa alaikumus salam.

Na karanta wasiƙarka na yi dariya, ba zan ce ban yi ba, musamman wajen rigar sallah. Allah ya sa ta wanku. Amma na ga mutum mai kunya da son surukinsa, kuma da wannan za mu gyara abin.

Bari in fara da ɗumin kapo, tunda shi ya jawo komai. Nassirou bai yi ƙarya ba, masu sayar da mota suna yin haka, ni ma an taɓa yi mini, na kuwa daɗe ina jan tsofaffin motoci a garin nan. Sai dai amsar tana cikin wasiƙarka da hannunka ka rubuta ta. Ƴarka ta gaya maka kakanta yana tayar da motar kowace safiya bayan asuba. Mutumin da ke yin haka kullum, dole ka tarar da kapo da ɗumi da hantsi, ko za ka zo ko ba za ka zo ba. Ba don kai yake ɗumama ta ba. Abin da ya rage masa na tuƙi ke nan tun da ido ya hana shi hanya.

Yanzu ka dubi abin da ya yi bayan zuwanku. Mutum ne da ya riƙe wannan mota shekaru masu yawa, ya san makanike ba ya gane ciwon inji sai da sanyinsa. Ya gane kana son a duba, ya gane kunya ta hana ka faɗa, shi ma kunya ta hana shi ce maka ka kawo makanikenka a fili. Sai ya daina tayar da ita, ya rufe ta, ya aiko maka da lakile. A karatuna, cewa yake ga ta nan da sanyinta, ku zo ku duba. Ba na cikin zuciyarsa, mai yiwuwa akwai ɗan jin zafi a ciki, don babu dattijon da zai so a kawo masa baƙon ƙarya har zaurensa, kuma wannan ka yi kuskure, buɗe kapo a gabansa da ya fi sauƙi a kansa. Amma mai fushi ba ya sa a kawo kopto, ba ya raka baƙo zaure yana tsokanar sa. Ko fushi ne ko izini, maganin ɗaya ne, ka je. Ka tuna duk safiyar da ka ƙara da lakilen nan a aljihunka, shi yana can zaune gefen bash da rediyo.

Kada ka saye ta ido rufe. In ka yi haka injin ya mutu bayan wata biyu, duk lokacin da ka zo gaishe shi motar za ta tsaya a tsakaninku, shi yana jin ya cuce ka, kai kana ɓoye ɓacin rai. Kada kuma ka mayar da lakile, don wannan shi zai ce masa ba ka so, alhali ya zaɓe ka a kan mutumin Zongo.

Halimatou ta yi daidai da ta janye, ka bar ta. Bakin da kake nema yana gidanka. Latifa jikarsa ce, abin da kai da uwarta ba za ku iya furtawa ba har abada, ita za ta faɗe shi tana dariya, shi ma ya amsa yana dariya. Ka aike ta ta ce masa babanta ya ji kunya yana ba da haƙuri, kuma Asabar da sassafe zai zo da malamin lissafi cikin kayan aikinsa. Ranar ta tsaya tare da ku. Ita za ta tambaye shi tun yaushe motar take shan ruwa, sau nawa ta taɓa tafasa a hanya, me aka taɓa canjawa a ciki. Babu makaniken da ya san tarihin injin nan kamar mai shi, kuma ina tabbatar maka ya daɗe yana jiran wanda zai tambaye shi.

Kafin a tayar, Illo ya buɗe murfin mai ya duba. In ya ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a jikinsa, ruwa yana haɗuwa da mai. Ya duba ruwan radiyater tun da sanyi, ya ga ko akwai mai a samansa, in an tayar kuma ya ga ko yana kumfa. Ku kalli hayaƙin farko, ku jira inji ya yi zafi ku sake kallo. Fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba, mai shuɗi-shuɗi kuwa mai take ƙonawa. Ya zo da abin gwada ƙarfin inji, ya leƙa ƙasa saboda tsatsa. In dole sai an sauke kulas, a nemi izinin Baba ta bakin jikarsa, a ja motar zuwa garaji, kada ka ce za ka tuƙa ta ka haye gada da rana tsaka tana ɗaukar zafi. Kafin ka ce ka saya, Illo ya zagaya ya tabbatar ana samun piyes ɗinta, a nan ko a aiko daga waje. Takardu kuma a mayar da su sunanka tun Baba yana da ƙarfin sa hannu, saboda gaba.

In gyaran mai yiwuwa ne, ka saya da zuciya ɗaya, ka ba da abin da ba za ka ji kunyarsa ba, kada ka tsaya cire kuɗin gyara a gaban suruki. In kuma Illo ya ce injin ya gama, a gaya wa Baba gaskiya a hankali, ka ce duk da haka ba ka so a farfasa ta, za ka nemi wani injin sannu a hankali in hali ya yi. Kana da motar gida, babu abin da ke korar ka.

Shawarata ta ƙarshe, ko ka saya, kada ka kai ta Lamorde. Mota mai kwance a ƙasa ba ta da abin yi a rairayin unguwarku da ruwan damina. Ka bar ta inda ta saba, ka yanka lakile na biyu ka riƙe, na asalin ka mayar wa mai shi, ka ce ta bakin Latifa kana roƙon ya riƙa tayar maka da ita da safe don kada batir ya mutu. Zai gane, kamar yadda ya gane Illo. Ranar Asabar ɗin ma kada kai ka murɗa, ka durƙusa ka miƙa masa lakile ya tayar da kansa.

Ranar da aka gama gyara kuwa, ka sa rigarka, ka buɗe masa ƙofar dama, ka zauna kafaɗa da kafaɗa da shi, ka kai shi bakin kogi ya sha iska. Ya sha cewa a rage maka hanya kana cewa akwai inda za ka biya. Wannan karon kai za ka rage masa, kuma ba inda za ka biya.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya sa ciwon Barkono ƙarami ne, ya bar ku da zumuncinku. Ka ba Latifa haƙuri, barcin safe ya ƙare mata. Ka gaida Halimatou, ka kuma gaida mutanen garaji.

Inna Mariyama